Ƙasar Sin: A Wane Wata Ya Kamata Baƙo Ya Sauka?

Ranar 22 ga Janairun 2023, ma'aunin zafi a garin Mohe, can ƙuryar arewacin ƙasar Sin a bakin iyakar Rasha, ya sauka zuwa digiri 53 ƙasa da sifili. Ba a cika wata shida ba, ranar 16 ga Yuli, sai garin Sanbao da ke kwarin Turpan a yammacin ƙasar ya kai digiri 52.2. Babu irin wannan sanyi ko irin wannan zafi a tarihin awon yanayi na ƙasar, kuma duk a shekara ɗaya aka gan su. Daga Mohe zuwa Sanya da ke tsibirin Hainan tafiyar kusan kilomita 4,000 ce, kuma a ranar da mutumin Mohe ke lulluɓe har ido, na Sanya yana wanka a teku. Duk wanda ya tambaya yaya gari yake a Sin, dole a mayar masa da tambaya: wane gari, kuma a wane wata?

Mutanenmu da ke zuwa can yawancinsu 'yan kasuwa ne masu sauka Guangzhou ko Yiwu, sai ɗalibai, sai 'yan ƙalilan masu zuwa buɗe ido. Abin da ke hana su barci kafin tafiya bai wuce biza, kuɗin tikiti da canjin dala ba. Wata kuwa, duk wanda biza ta fito a cikinsa shi ke nan. A ganina wannan ganganci ne mai tsada, domin zaɓen wata kaɗai na iya sa mutum ya tarar da kasuwa a garƙame, ko ya kwana biyu a filin jirgi, ko kayan da ya saya su yi fumfuna tun ba su shiga kwantena ba. In ta tawa za a bi, a je tsakanin 8 ga Oktoba da ƙarshen Nuwamba. Dalilan wasu daga sama suke, wasu kuma daga mutane.

Iska biyu ce ke juya gabashin ƙasar, inda mafi yawan jama'a da masana'antu suke. Daga Nuwamba zuwa Maris, busasshiyar iska mai sanyi ke gangarowa daga Siberiya da Mongoliya. Da shigar Afrilu, tudu ya fi teku ɗaukar zafi, sai iskar ta juya, ta taso daga tekun kudu ɗauke da ruwa. Inda suka yi karo, nan hadari ke kafa sansani, kuma sansanin yana tafiya arewa sannu a hankali. Daga Afrilu zuwa Yuni yana kan lardin Guangdong. Daga tsakiyar Yuni zuwa tsakiyar Yuli ya koma kwarin kogin Yangtze, wato su Shanghai, Hangzhou, Yiwu da Wuhan. Ƙarshen Yuli da farkon Agusta ya isa Beijin. A Satumba kuma ya juyo kudu da sauri, ya bar sararin sama fes. Wanda ya riƙe wannan tafiya ta hadari a ka, ya gama rabin lissafinsa.

Manoman Sin sun daɗe da yanka shekara gida 24, kowane gida kimanin kwana 15, tsarin da hukumar UNESCO ta sa cikin al'adun duniya da aka gada a 2016. Sai dai a kwarin Rawayen Kogi aka tsara shi, a arewa, kuma yanayin can yake bayyanawa. Haka ma takardun tallan yawon buɗe ido da ke cewa Sin na da lokuta huɗu masu tsawo ɗaya. Guangzhou ba ta san da wannan zance ba: zafi da danshi na cinye mata fiye da rabin shekara, sanyinta kuma gajere ne. Da ɗan ɓurɓushin ƙanƙara ya sauka a birnin ranar 24 ga Janairun 2016, mutane sun yi ta fitowa kan titi suna ɗaukar hoto, domin an yi gomman shekaru ba a ga haka ba.

Sanyin da ba ya cikin lissafi

Kowa ya san arewacin Sin da sanyi. A Janairu, matsakaicin yanayin Beijin kimanin digiri 3 ne ƙasa da sifili, na Harbin kuma wajen 17 ƙasa da sifili. Abin da baƙo bai cika sani ba shi ne, cikin ɗaki an fi shan wuya a tsakiyar ƙasar. A shekarun 1950, lokacin da makamashi bai wadata ba, gwamnati ta ja layi daga duwatsun Qinling zuwa kogin Huai. Biranen da ke arewa da layin ana turo musu ruwan zafi ta bututu har cikin ɗakuna. A Beijin ana kunnawa daga 15 ga Nuwamba zuwa 15 ga Maris, a Harbin kuma kimanin wata shida. Waɗanda ke kudu da layin, kowa tasa ta fisshe shi. Shanghai da Yiwu duk a kudu suke. Ma'auni na nuna digiri 4 ko 5, abin kamar da sauƙi, amma sanyi ne mai danshi da ke ratsa bango ya shiga ƙashi. A gidajen haya da ƙananan otal za ka ga mutane zaune da jibgegiyar rigar sanyi a cikin falo, kowa rungume da gorar ruwan zafi, kuma da rana ta ɗan leƙo sai a shanya barguna a kan sanduna ta taga. Wanda zai kama ɗaki a Yiwu cikin Janairu, ya tambaya ko na'urar sanyaya ɗakin tana hura iska mai ɗumi, ya kuma buɗe famfo ya taɓa ruwan da hannunsa, tun kafin alwalar asuba ta ba shi amsa.

Harbin ita ce ta mayar da sanyi sana'a. Ana yanko manyan tubalan ƙanƙara daga kogin Songhua a gina fadoji da hasumiyoyi da su, a saka musu fitilu masu launi, kuma ana buɗe bikin a hukumance ranar 5 ga Janairu kowace shekara. A bakin titi ana baza askirim cikin kwali a ƙasa ba firji, batirin waya kuma na iya mutuwa a hannu cikin 'yan mintoci. Abin kallo ne na gaske, amma na kwana biyu ko uku. Hayaƙin da ke turnuƙe biranen arewa a wannan lokaci ya ragu sosai, domin ƙurar da ake aunawa a iskar Beijin ta sauka da kusan kashi biyu bisa uku tsakanin 2013 da 2024. Duk da haka mai asma ya tafi da maganinsa.

Babban tarkon hunturu shi ne bikin sabuwar shekarar gargajiya, wanda ke faɗowa tsakanin 21 ga Janairu da 20 ga Fabrairu. Hutun gwamnati bai wuce kwana takwas ko tara ba, amma hukumomin sufuri kwana 40 suke warewa don zirga-zirgarsa, 15 kafin biki, 25 bayansa. Ma'aikatan da ke riƙe da masana'antun Guangdong da Zhejiang 'yan cirani ne daga lardunan ciki, kuma da yawansu wannan ne kaɗai zuwansu gida a shekara. Tun saura mako biyu injuna ke fara yin shiru. A unguwannin Xiaobei da Sanyuanli na Guangzhou, inda 'yan Afirka suka fi hada-hada, sai ka bi layi guda ka ga ƙofofin shaguna a sauke, kowace an manna mata jar takarda ɗauke da ranar dawowa. Babbar kasuwar Yiwu takan sake buɗewa ne a rana ta 12 ga sabon wata, masana'antu kuma ba sa komawa daidai sai bayan bikin fitilu na rana ta 15, wasu ma sai an nemo sababbin ma'aikata. Duk wanda ka kira a waya, tafinta ne ko dillali, amsar ɗaya ce: Alhaji, sai bayan biki. In kuma sama ta haɗa baki da taron, abin ba kyau. A farkon 2008, ƙanƙara ta katse wuta da layin dogo a kudancin ƙasar, dubban ɗaruruwan fasinjoji suka maƙale kwana da kwanaki a tashar jirgin ƙasa ta Guangzhou.

A 'yan shekarun nan akwai wani lissafi da ya shafi ɗan kasuwar Kwari ko Wambai kai tsaye. Sabuwar shekarar Sinawa ta 2026 ta kama 17 ga Fabrairu, ta 2027 tana kama 6 ga Fabrairu, ta 2028 kuma 26 ga Janairu. A duka ukun, jinjirin watan da ke buɗe musu shekara shi ne na Ramadan, tazarar ba ta wuce kwana ɗaya ko biyu ba. Bayan nan za su rabu, saboda Sinawa na ƙara wata na 13 a wasu shekaru don kada bikinsu ya bar lokacin sanyi. Ma'ana, a daidai lokacin da kasuwar kayan Sallah ke ɗaukar zafi a gida, masu yin yadi, takalma da kayan yara suna ƙauye suna cin biki. Jirgin ruwa daga kudancin Sin zuwa Legas na cin fiye da wata guda, ban da fitar da kaya daga tashar ruwa da tafiyar mota zuwa Arewa. Kayan da ake so su riski ƙaramar Sallah dole su bar Sin tun farkon Janairu, kuma kafin a loda sai an saƙa, an ɗinka. In aka ja lissafin baya, sai ya dire a Oktoba da Nuwamba. Tun ran gini, ran zane.

Bango na gumi

Maris da Afrilu su littattafan matafiya ke yabo, kuma a wasu wurare yabon ya dace. Furanni na buɗewa a Wuhan cikin Maris, a Luoyang cikin Afrilu, ana tsinkar sabon ganyen shayi a tuddan Hangzhou. A Guangzhou kuwa wani abu ne daban. Idan iska mai ɗumi daga teku ta shigo kwatsam bayan 'yan kwanakin sanyi, takan tarar da gine-gine ba su huce daga sanyin ba, sai ruwan da ke cikinta ya kwanta a kan komai. Bango ya riƙa tsiyaya, madubi ya dushe, tayil ɗin matakala ya yi santsi har sai an dafa ƙarfe. Rigar da aka wanke ranar Litinin tana nan jiƙe ranar Laraba, ga wani tsami da take yi. Mutanen gari sun san dabarar: su rufe tagogi ruf, musamman masu kallon kudu, su shimfiɗa tsofaffin jaridu a ƙasa, su kunna na'urar tsotse danshi. Baƙo kuwa sai ya wangale taga wai iska ta shigo, ya ƙara jiƙa ɗakin. A ɗakin ajiya, kwali kan yi laushi ya lotsa, jakunkuna da takalman fata su yi fari-fari da fumfuna. Wanda ya sayi irin wannan kaya a wannan lokaci, ya tsaya a kan a saka ƙunshin maganin danshi a kowane kwali, kuma kada kwalayen su kwana a kan siminti.

Arewa a lokacin bushewa take fama da ita. Iska na kwaso rairayi daga hamadar Gobi. Ranar 15 ga Maris 2021 mutanen Beijin sun wayi gari sama ta koma ruwan ɗorawa, ƙura mafi muni da suka gani cikin shekara goma, aka soke ɗaruruwan jirage. A Afrilu kuma itatuwan bakin titi na sakin wani farin kaɗa da ke shiga hanci da ido. Amma tsakanin waɗannan akwai ranaku masu daɗi ƙwarai, kuma daga tsakiyar Afrilu zuwa ƙarshen Mayu shi ne zaɓi na biyu ga mai son ganin Babbar Ganuwar Sin, muddin ya kauce wa hutun ma'aikata na 1 zuwa 5 ga Mayu.

Kasuwar baje koli ta Canton, wadda ake ci a Guangzhou tun 1957, sau biyu take ci a shekara a rukunin gine-ginen Pazhou, kowane ci zango uku. Ta bazara kan fara 15 ga Afrilu ta ƙare 5 ga Mayu, ta kaka kuma daga 15 ga Oktoba zuwa 4 ga Nuwamba. Zangon farko na injuna da kayan lantarki ne, na biyu kayan gida, na uku tufafi, takalma da yadi. Kayan da ake bajewa kusan iri ɗaya ne a duka biyun, kuɗin otal ma duk tashi yake yi. Sama ce ta bambanta su. Guangzhou na samun ruwan da ya kai milimita 1,800 a shekara, kuma kusan kashi 80 cikin 100 na sauka ne tsakanin Afrilu da Satumba. A Afrilun 2024, ana tsakiyar baje kolin, koguna suka cika suka batse a lardin har aka kwashe fiye da mutum 100,000. Ranar 27 ga watan, guguwa ta kashe mutum biyar a gundumar Baiyun ta birnin, ranar 1 ga Mayu kuma wani ɓangaren babbar hanya ya zaftare a Meizhou, mutane kimanin 50 suka rasu. Ba kowace shekara ke yin haka ba, amma lema da takalmin da ba ya jin ruwa dole ne ga mai zuwa ta Afrilu.

Daga Yuni zuwa Agusta ban ga abin da zai kai mutum gabashin Sin ba sai larura. Wanda ya saba da zafin Sakkwato na watan Afrilu zai ji an ce digiri 35 ya yi dariya, amma zafin Sakkwato busasshe ne, gumi na bushewa, inuwa na da amfani. Na Shanghai da Guangzhou gumi ba ya zuwa ko'ina, inuwa da rana duk ɗaya, dare ma ba ya hucewa. Chongqing, Wuhan da Nanjing har laƙabin tanderu ake yi musu. A Agustan 2022 wata gunduma a Chongqing ta kai digiri 45, ruwan madatsu ya ja baya, lardin Sichuan da ya dogara da wutar ruwa ya umarci masana'antu su dakata na kwanaki don a bar wa gidaje wuta. Ruwan kuma in ya tashi zuwa, a fusace yake zuwa: ranar 20 ga Yulin 2021, milimita 201.9 suka sauka a Zhengzhou cikin awa ɗaya, ruwa ya cika hanyar jirgin ƙarƙashin ƙasa, kuma mutum 398 ne suka mutu ko suka ɓata a lardin Henan. Ga hutun makarantu na Yuli da Agusta da ke cika duk wani wurin tarihi da yara. Masu neman sauƙi sukan hau tudu, ko dai Kunming da ke kan tsayin kimanin mita 1,900, ko Qinghai, ko filayen ciyawa na Mongoliya ta Gida.

Sai mahaukaciyar guguwar teku, wadda ta fi ƙarfi daga Yuli zuwa Satumba, kuma gaɓar kudu maso gabas take bi, daidai inda tashoshin jiragen ruwa suke. Guguwar Mangkhut ta afka wa Guangdong ranar 16 ga Satumban 2018, bayan an kwashe fiye da mutum miliyan 2. A Satumban 2024, Yagi ta daki Hainan, kwana goma bayan nan Bebinca ta sauka Shanghai, wadda rabon da ta ga mai ƙarfinta tun 1949. Hukumar yanayi na ba da gargaɗi da launi, daga shuɗi zuwa rawaya, ruwan lemo, sannan ja. In aka kai ja, jiragen sama da na ƙasa na tsayawa, tashar ruwa ta rufe. Guguwar kanta ba ta wuce kwana ɗaya ko biyu, amma cunkoson da take bari a tashar ruwa kan daɗe. Ɗalibai su ba su da zaɓi, tunda a Satumba ake buɗe jami'o'i. Shawara ɗaya gare su ita ce kada su cika akwati da rigunan sanyi daga gida, su bari su saya a can, inda aka ɗinka su daidai da sanyin wurin, kuma farashi kan faɗi a rangwamen intanet na 11 ga Nuwamba.

Kaka

Da iskar teku ta janye, ƙasar kan zama wata iri dabam. Sama ta yi shuɗi, danshi ya tafi, ana iya yini ana tafiya a ƙasa ba a jiƙe ba. Beijin a tsakiyar Oktoba takan kai kusan digiri 20 da rana, da dare ta sauka ƙasa da 10. Ganyayen tsaunukan yammacin birnin na rinewa ja daga ƙarshen wata. Xi'an, mai rundunar sojojin yumɓu da aka tono a 1974 da tsohon babban masallaci a tsakiyar unguwar Musulmin Hui, tana cikin lokacin rumman da gasasshen nama a titi. Guangzhou ita ce ta fi kowa morewa: a Nuwamba matsakaicin yanayinta kimanin digiri 20 ne, ruwa kaɗan ne, kuma haka take tafiya har cikin Disamba. A irin wannan lokaci ne mutum zai iya gama cinikinsa ya taka zuwa masallacin Huaisheng, ɗaya daga cikin mafi daɗewa a ƙasar, ya yi salla ba tare da rigarsa ta manne masa a baya ba.

Amma a kula da farkon watan. Galibi daga 1 zuwa 7 ga Oktoba hutun ranar kafa ƙasa ne, kuma kusan kowa fita yake yi. A na 2024, hukumomi sun ƙirga tafiye-tafiyen cikin gida miliyan 765 a mako guda. Tikitin jirgin ƙasa kan ƙare cikin mintoci, otal ya ninka kuɗi, ofisoshi da yawan masana'antu su rufe. A sashen Badaling na Babbar Ganuwa an ƙayyade mutum 65,000 a rana a 2019, kuma a wannan mako ba ganuwa ake gani ba, ƙeyar na gaba ake gani. Da hutun ya ƙare kuwa kamar an share, kowa ya koma bakin aiki, farashi ya sauko.

Ga mai son haɗa kasuwa da kallo, dabarar ita ce ya fara daga arewa ya riƙa gangarowa, sanyi na bin sa a baya. Ya sauka Beijin a mako na biyu na Oktoba, ya yanki tikitin tsohuwar fadar sarakuna ta intanet da lambar fasfo tun da sauran kwanaki, ya kuma tuna ba a buɗe ta ranar Litinin. Daga nan jirgin ƙasa mai sauri zai kai shi Xi'an ko Shanghai cikin awa huɗu da rabi zuwa shida, sai Yiwu, sannan ya isa Guangzhou daidai zangon baje kolin da ya shafi sana'arsa. In ya juya tsarin ya bar Beijin a ƙarshe, zai faɗa makonni biyun farko na Nuwamba, lokacin da dare ya fara kusantar sifili amma ba a kai ga kunna bututun ɗumama gidaje ba.